Zoɓo, Kanwa da Alli: Yadda Wani Ɗalibi Ɗan Nariya Ya Koyi Koyar da Kimiyya

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun ɗalibi guda, ɗan Nariya ta ƙaramar hukumar Kibiya, tun daga shigarsa kwalejin ilimi har ya kammala gwajin koyarwa. Abin da ta tsaya a kai shi ne cewa ci gaban mai shirin koyar da kimiyya yana bayyana ne a sauyawar abin da ke hana shi barci: da farko makinsa, daga baya tsayuwarsa gaban aji, daga ƙarshe abin da ya zauna a kan yaro. An ɗora labarin a kan tarihin koyar da kimiyya a Kano tun daga 1977, an kuma auna shi da ra'ayoyin Lortie da Fuller da Shulman da Jegede. Takardar ta nuna cewa ilimin gida da harshen Hausa su ne jarin da irin wannan ɗalibi ya fi kowa, su ne kuma waɗanda horonmu ya fi yin watsi da su.

Gabatarwa



Duk shekara, ranar da na fara shiga ajin sababbin ɗalibai masu karanta kimiyya, nakan ce wanda ya zo nan don yana son zama malami ya ɗaga hannu. Hannayen da ke tashi ba su taɓa ba ni wahalar ƙirgawa ba. Sauran kowa da labarinsa: wannan likita ya so zama, wancan injiniya, waccan makarantar jinya ta nema ba ta samu ba. Ban ga laifinsu ba. A 2023 mafi ƙarancin makin da aka yanke a taron hukumar JAMB don shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, na jami'a kuwa 140. Yaro ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wace ƙofa ce ta manya, wace ce ta waɗanda suka rage.

Ɗalibin da zan yi magana a kansa yana cikin waɗanda ba su ɗaga hannu ba. Zan sakaya sunansa, da na kwalejin, da na makarantar da ya yi gwajin koyarwa. Mahaifinsa manomi ne, dawa da gero da wake da ɗan gyaɗa, kamar yawancin mutanen ƙasar Rano. Ni na koya masa hanyoyin koyarwa, ni ne kuma aka tura in duba shi a aji. Na san mutum ɗaya ba ya wakiltar dubu. Amma takardunmu a irin wannan taro sun cika da alƙaluman da aka tara daga takardun tambayoyi, kuma akwai abubuwan da sai ka zauna a bayan aji, a kan benci mai ƙafa uku, za ka gan su.

Gidan da ya tarar

A 1977, zamanin mulkin Kanal Sani Bello, Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandaren kimiyya, ta kuma buɗe na farko biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan shekaru goma na farkon wannan shiri, a Jami'ar Sussex ta Ingila, a 1988. Manufar a fili take: jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'ya'yanta. Aka riƙa tace yara da jarrabawa, a kwashi zaratan, a ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Shirin ya yi abin da aka kafa shi dominsa, kuma asibitocin Kano shaida ne.

Sai dai rariyar ba ta tace kowa domin malanta ba. A wancan zamani da yawa daga cikin masu koyar da kimiyya a makarantun Arewa baƙi ne, 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da Gana. Da kuɗin mai ya ja baya, naira kuma ta fara faɗuwa daga 1986, sai suka tattara komatsansu. Gurbin ya faɗa kan kwalejojin ilimi. An kafa hukumar kula da su, NCCE, a 1989, an kafa majalisar rajistar malamai, TRCN, a 1993, an kuma mai da shaidar NCE mafi ƙarancin abin da za a koyar da shi. Dokoki sun yi kyau. Amma yaron da ya fito daga Dawakin Kudu da sakamako mai kyau hanyar Asibitin Malam Aminu Kano yake hange, wanda zai koyar da ƙannensa kuwa yawanci daga makarantar je-ka-ka-dawo ta karkara yake fitowa, inda shi kansa bai ga kimiyya da idonsa ba.

Ɗalibina ya gaya mini cewa kwalaben gwaji na farko da ya taɓa da hannunsa, saura 'yan kwanaki a yi jarrabawar WAEC aka fito da su daga ofishin firinsifal. Kafin nan kimiyya a wurinsa rubutu ce: malami ya juya baya ya cika allo, su kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Dan Lortie, a littafinsa na 1975 kan aikin malanta a Amurka, ya ƙiyasta cewa yaro yakan yi kusan awa 13,000 yana kallon malamai kafin ya gama sakandare, don haka duk mai shiga malanta ya riga ya yi dogon almajiranci na kallo, kuma abin da ya kalla ya fi abin da aka faɗa masa a kwaleji tasiri. Mu muna da shekara uku ne kacal mu warware saƙar shekara goma sha biyu.

Gwanin hadda

Ya shigo da makami guda, kuma mai kaifi. Ya yi makarantar allo, ya san yadda ake biya abu har ya zauna daram. Ina so in tsaya a nan kaɗan, domin mun saba zagin hadda a irin wannan zaure kamar cuta ce. Hadda horo ce. Tana koya wa yaro zama wuri ɗaya, da juriya, da girmama lafazi. Kuma akwai abin da dole a haddace a kimiyya: alamomin sinadarai, ma'aunai, sunayen gaɓoɓi. Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki abin da ya kamata a gani da ido aka mai da shi nassi.

Da wannan makami ya ci shekararsa ta farko, babu kariyoba ko ɗaya. Handawut ɗin da malami ya bayar, shi zai mayar masa a takardar jarrabawa har da waƙafi. A aji kuwa can baya yake zama. Ba ya tambaya, don kada Turancinsa ya karkace 'yan birni su yi dariya. Idan aka tambaye shi garinsu sai ya ce Rano, don Nariya sai an yi bayani. Da damina ta faɗi yakan ɓace kwana biyu uku, ya dawo tafin hannunsa duk kanta. Da buhun waken da aka girbe ake biyan kuɗin rajista. Bai ɗauki wannan ɓangare na rayuwarsa a matsayin abin da ke da alaƙa da karatunsa ba, sai dai abin da ke cinye masa lokaci.

Wata rana a shekara ta biyu na sa shi ya yi bayanin fotosintesis, wato yadda ganye ke haɗa abinci. Ya zubo shi tiryan-tiryan, har da lissafin sinadaran. Sai na juya zuwa Hausa na ce, "Kai da kake manomi, ƙwayar dawa ɗaya kuke jefawa a rami, ta zama kara wanda ya fi ka tsawo. Nauyin karan nan daga ina ya fito?"

Bai ko yi jinkiri ba. "Daga ƙasa mana, Malam. Da taki."

Minti biyu da suka wuce bakinsa ya faɗi cewa daga iskar kabon da ruwa tsiro ke gina jikinsa, da taimakon hasken rana. Amma wannan magana ta jarrabawa ce. Ta gona daban take. Na ba ajin labarin Jan van Helmont, mutumin ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, wanda aka buga gwajinsa a 1648. Ya dasa reshen bishiya mai nauyin laba 5 a tukunya mai busasshiyar ƙasa laba 200, bai ba shi komai ba sai ruwa har shekara biyar. Bishiyar ta kai laba 169, ƙasar kuwa abin da ta rage bai wuce oza biyu ba. Shi van Helmont ya ce ai duka daga ruwa ne, kuma ya yi kuskure, domin bai san rabon iska ba. Amma ya auna. Ɗalibina ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, in haka ne, da gonarmu ta zama rami tuntuni, tunda duk shekara muna kwashe kara." Shi ya faɗa da bakinsa, ba ni ba. A iya sanina ranar ce ya fara tunanin kimiyya da Hausa.

Farfesa Olugbemiro Jegede, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, ya yi bayanin wannan hali a 1995. Ya ce ɗalibin Afirka yakan ajiye ilimin makaranta da ilimin gida a kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ba tare da sun taɓa gaisawa ba; wannan na aji, wancan na rayuwa. Ga wanda zai zama likita ko akawu, wataƙila a rayu da haka. Ga malami kuwa haɗari ne, domin ɗakin da bai buɗe a kansa ba, ba zai buɗe wa yaro ba.

Wasu za su zaci addini ne shingen. A wurin wannan ɗalibi ban ga haka ba. Da muka zo kan husufi, shi ya tuna wa ajin yadda suke dukan gwangwani suna yara idan wata ya yi zazzaɓi, shi ne kuma ya kawo cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, Manzo kuma ya hana a danganta abin da mutuwar kowa. Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris, 2006, lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi, sun san masana sun faɗi ranar da sa'ar tun kafin ta zo, kuma hakan bai hana kowa sallar husufi ba. Shingen da na gani na kunya ne: ganin cewa abin da aka sani a Nariya bai isa shiga littafi ba.

Alhali kuwa rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini. Wanda ya taɓa tsayawa a marina, kamar ta Ƙofar Mata, ya ga ƙyalle yana fitowa daga rijiya kore-kore, iska na dukansa yana komawa shuɗi a gaban idonsa. Wannan shi ne darasin haɗuwar sinadari da iskar oksijin da muke cika allo da shi. Manomin da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa yana cin moriyar ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar wake suna kama naitirojin daga iska. Ruwan Tiga, madatsar da aka gina zamanin Audu Bako, gangara ce kawai ke kai shi gonakin Kadawa da Kura. Yaron wannan yanki a cikin ɗakin gwaje-gwaje ya tashi, ba a dai gaya masa ba.

A gaban aji

Kafin a fita gwajin koyarwa mukan yi ƙaramar koyarwa a kwaleji, tsarin da aka faro a Jami'ar Stanford a 1963: ɗalibi ya koyar da abokansa na 'yan mintoci, a yi masa gyara, ya sake. Tana da amfani wajen cire tsoro. Amma abokanka sun riga sun san amsa, kuma suna jiran nasu layin, don haka ba za su ba ka kunya ba. Yaron aji biyu na ƙaramar sakandare ba ya cikin wannan yarjejeniya.

Ya nemi a tura shi kusa da gida, aka tura shi wata ƙaramar sakandare a ƙasar Kibiya. Zuwana na farko na same shi cikin guga, takalmi ya sha mai, tsarin darasi a rubuce tsaf. Darasin a kan sinadarai masu tsami ne da kishiyoyinsu, asid da alkali. Ya juya baya ya cika allo da Turanci. Ya karanta, suka maimaita. Ya ce, "Kun gane?" Suka ce, "E, Malam!" da ƙarfin da ya girgiza kwanon rufi. Lortie ya yi gaskiya: malaminsa na sakandare na gani, ya dawo da ƙuruciya.

Da muka fito abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, muryata ta fita? Ban yi kuskuren Turanci ba?" Frances Fuller ta Jami'ar Texas ta lura tun 1969 cewa damuwar sabon malami daga kansa take farawa: yaya nake, ana ganin girmana, mai dubawa ya gamsu? Sai daga baya ta koma kan aikin, sannan kan yaran. Ban ba shi amsa ba. Na ce ya kira mini yara uku, na tambaye su da Hausa su ba ni misalin asid guda a gidansu. Ɗaya ya ce ruwan batir. Biyun suka dubi ƙasa. Na ce masa, "Ɗana, ka koyar, amma ba a koya ba. Ina nan dawowa bayan mako uku."

Abin da ya biyo baya shi ya ba ni labari, kuma ɓangaren da ya fi birge ni shi ne faɗuwarsa. Ya tuna an taɓa ambata a lakca cewa ruwan wasu furanni yana sauya launi idan ya haɗu da asid ko alkali. Ya sayi zoɓo na ƙulli a bakin makaranta, ya zuba masa ruwan kanwa gaban yara, yana jiran abin mamaki. Launin ya ɗan dushe kawai, ya ƙi tafiya inda aka ce zai je. Yara suka tuntsire. Ya koma gida ransa a ɓace. Mahaifiyarsa ce ta warware masa, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba: na sayarwa ai ana ƙara masa kala da kayan ƙamshi, ya tafasa zallan zoɓon da kansa. Ta kuma ce kanwar tasa ta yi ruwa, ya jiƙa ungurnu tun dare.

Ranar da na koma, ga gorunan ruwa da aka yanke an jera a kan tebur, kowace da jan ruwan zoɓo. Bai rubuta komai a allo ba sai kwanan wata. Ya kira wata yarinya ta matsa lemon tsami a ta farko, ja ya ƙara haske. Ruwan tsamiya, haka. Da aka zuba ruwan kanwa a ta uku, jan ya mutu, ya koma duhu mai ratsin kore. Ajin ya ɗauki "Laaa!" Ruwan toka da aka tace ya yi irin haka, ruwan omo ma haka. Wani yaro ya miƙa hannu zai kurɓa, ya riƙe shi, ya kafa doka a nan take cewa ba a ɗanɗana komai a wurin gwaji ko da daga kicin ya fito. Sannan ya ɗauki ta kanwar ya riƙa ɗiga mata lemo. Ta yi 'yar kumfa, launin ya fara dawowa ja.

Daga can gefen mata wata ta ɗaga hannu. "Malam, shi ya sa Innarmu take jefa kanwa a miyar yakuwa, don ta kashe tsami?"

Na ga ya tsaya. Wannan shi ne ainihin abin da manhaja ke so a koyar, yadda asid da alkali ke kashe kaifin juna, ga shi yarinya ta kawo shi daga murhu. Sai a lokacin ya ɗauki alli ya ba abin sunansa na Turanci. Wani kuma ya tambaya, to me ya sa launin ke sauyawa? Ya ce, "Ban sani ba. Zan bincika in gaya muku ranar Litinin." Ɗalibin da na sani a shekarar farko da ya mutu da kunya kafin ya furta haka gaban mai dubawa. Ya kuma cika alkawari. Ya je ya gano cewa sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, yana sauya siffa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, kowace siffa kuma da irin hasken da take shanyewa.

Lee Shulman, a 1986, ya ware wani nau'in ilimi da malami kaɗai ke buƙata. Sanin darasi daban, sanin dabarun riƙe aji daban, sannan akwai sanin yadda ake juya wannan darasi na musamman ya shiga kan waɗannan yara na musamman: wane misali, wane gwaji, wane kuskure suka saba yi. Abin da zan ƙara a kan Shulman shi ne, a wurinmu rabin wannan ilimi yana gida. Farfesan Kemistiri bai san Inna tana sa kanwa a yakuwa ba sai in ya tashi a irin gidan.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Kada a ɗauka cewa komawa Hausa kawai ta gama magana. Ɗalibina ya ci karo da wannan a mako na gaba. Ya ce gishiri ya narke a ruwa, ya ce man shanu ya narke a rana, sai wani yaro ya yanke hukunci cewa ashe ruwa ma zafi ne da shi tunda yana narkar da gishiri. Yaron bai yi wauta ba. Hausa da kalma ɗaya take kiran abubuwa biyu da kimiyya ta raba: daskararren abu ya zama ruwa saboda zafi, da kuma abu ya watsu a cikin ruwa har ya ɓace wa ido. Haka "nauyi" ke ɗauke da yawan abin da ke jikin abu da kuma jan da ƙasa ke yi masa. "Zafi" na nufin abin da ma'auni ke nunawa, da abin da ke ratsawa daga wuta zuwa tukunya, da raɗaɗin ciwo. "Ƙarfi" kuwa ta haɗiye kalmomi uku ko huɗu na Fiziks. Turancin yau da kullum ma yana da irin wannan cakuɗa, masana ne suka zauna suka tsefe nasu. Mu ba mu gama tsefe namu ba, kuma malamin aji ne ke biyan bashin.

Ya samo tasa hanyar: ya ce wa yaran daga yau a wannan aji, na man shanu shi ne narkewa, na gishiri kuwa za su ce ya jiƙe ya baje. Mai ilimin harshe zai iya yi masa gyara, amma yaran sun daina haɗa su. Tsarinsa ya zama hawa uku: a gani, a faɗa da Hausa har a gamsu, sannan a ba shi sunan da za a tarar a jarrabawa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare, har da kimiyya da lissafi, da Yarbanci na shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara firamare da harshen gida. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan. Ana ta kai gwauro ana kai mari a Abuja, amma a ajin Kibiya malami zai ci gaba da yin Hausa ko an yarda ko ba a yarda ba, don in bai yi ba da bango yake magana. Tambayar da ta shafe mu ita ce ko za mu koya masa ya yi ta da tsari, ko za mu bar shi yana yin ta a ɓoye kamar mai satar hanya.

Abin da takardar maki ba ta gani

Takardar da nake cikewa idan na je duba ɗalibi tana da gurbin shiga, da murya, da amfani da allo, da kayan koyarwa, da riƙe aji. Zuwana na farko, ranar da babu yaron da ya koyi komai, ya ci maki mai kyau a kusan kowane gurbi. Zuwana na biyu allon kusan fayau yake, ajin kuma ya yi hayaniya. Da na bi takardar sau da ƙafa, da makinsa ya ragu. Babu gurbin da ke tambaya ko wani yaro ya yi tambaya, balle me ya tambaya. Ina ba da shawarar a buɗe wannan gurbi, a kuma wajabta wa mai dubawa ya zauna da yara biyu ko uku bayan darasi, da harshen da suke ji.

Shawara ta biyu ta shafi kayan aiki. Shirin SMASE, wanda aka faro a 2006 da taimakon hukumar JICA ta Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, ya daɗe yana wa'azin a ƙirƙiri kayan gwaji daga abin da ke kusa. Amma malaman da ke bakin aiki yake horarwa. Me zai hana kowane ɗalibin kimiyya, tun a shekarar farko, a sa shi ya koma garinsu ya rubuto sana'a guda, ƙira ko jima ko daddawa ko ginin tukunya, ya fito da kimiyyar da ke cikinta? Muhammad Bah Abba ya yi koyarwa a Kwalejin Fasaha ta Jigawa da ke Dutse, daga gidan magina tukwane ya fito. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tashi yana ɗauke zafi, kayan miya suka daina saurin lalacewa. Wannan ya ba shi kyautar Rolex a 2000. Ba na cewa a rufe ɗakunan gwaje-gwaje a koma gorar ruwa. Yaron Nariya ma ya cancanci madubin ƙara girma kamar na Dawakin Tofa, kuma dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a Yuni 2024 da wannan ya kamata a auna ta. Amma kafin kayan su iso, akwai yaran da ke zaune a aji yau.

Ɗalibin ya gama, sakamakonsa na shekarar ƙarshe bai fi na farko ba, ya ma ɗan sauka. Ba a ɗauke shi aiki ba tukuna. Yana noma, yana kuma shiga makarantar nan kwana uku a mako a matsayin ɗan sa-kai, abokan mahaifinsa da a da suke aikensa sayen goro yanzu Malam suke ce masa. Ya cike takardar neman shiga jami'a kai tsaye, kuma da na duba, ilimin koyar da Kemistiri ya zaɓa. In aka tambaye shi garinsu yanzu, Nariya yake cewa.

Da ya zo gaishe ni kwanan baya ya nuna mini wani littafin rubutu mai shafi arba'in, inda yake tara tambayoyin yara, kowace da ranar da aka yi ta. Wasu ya sa musu alamar an amsa. Ta ƙarshe babu alama, wani yaro ne ɗan aji ɗaya ya yi ta: me ya sa ruwan randa ya fi sanyi da bazara, lokacin da gari ya fi zafi, amma da damina sai ya zama salaf? Na buɗe baki zan fara zancen laimar iska, ya ce, "A'a Malam, na san amsar. Randa biyu nake nema iri ɗaya, da ma'aunin zafi, su auna da kansu daga yanzu har ruwa ya sauka."